Wa ke da hurumin dakatar da lasisin direba, kuma zai iya ara wa wani wannan iko?

Sakataren Tasha: Assalamu alaikum. Malamai da lauyoyin wannan zaure, ga tambaya daga ɓangaren direbobi. A ce haɗari ya yi yawa tsakanin Tsafe da Gusau, ko a hanyar Bungudu zuwa Mafara, sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa mai ɗauke da jami'an hanya, da 'yan ƙungiyar direbobi, da wakilin ƙaramar hukuma. Sai shugaban wata hukuma ya rubuta musu cewa ya ba su iko, duk direban da suka kama da gudun wuce kima ko lodi fiye da ƙa'ida su dakatar da lasisinsa wata uku, nan take a bakin titi. Wanga abu zai tsaya a gaban alƙali?

Barista Na-Tsafe: Wa alaikumus salam, Sakatare. Da wuya ya tsaya. Amma kafin dalili, a raba abubuwa uku da ake cakuɗawa a tasha.

Akwai karɓe kati, wato jami'i ya riƙe wannan 'yar robar a hannunsa. Akwai dakatarwa, wato a ce daga rana kaza zuwa rana kaza doka ba ta yarda ka riƙe sitiyari ba, ko katin yana aljihunka ko ba ya nan. Akwai sokewa, wato izinin ya mutu, sai ka sake nema daga farko. Na farko aikin hannu ne. Na biyu da na uku hukunci ne, domin sai an duba hujja an ce wane ya yi laifi kuma ga abin da ya cancanta.

Shi hukunci yana da salsala kamar yadda karatu yake da ita. Tsarin mulkin 1999 ya ba majalisa ikon yin doka a sashe na 4. Majalisa ta yi doka ta ambaci wanda zai yi abu kaza. Idan dokar ta ce kotu, to kotu. Idan ta ce hukuma, to hukumar a zamanta na hukuma, ba direban shugabanta ba. Wanda aka ambata ba ya miƙa wa wani sai dokar da kanta ta buɗe masa ƙofa, ko a fili ko ta hanyar da ba a iya fahimtar dokar sai da ita. Wanda aka miƙa wa kuma ba ya sake miƙawa gaba. Lauyoyi suna taƙaita shi da cewa wakili ba ya naɗa wakili.

To a misalinka, tambayar farko ita ce, shi mai rubuta wasiƙar yana da ikon tun asali? Wanda ba shi da akuya ba ya kyautar ɗanta.

Malam Na-Kaura: Barista, wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A babin wakala na fiƙihun Malikiyya, wanda aka wakilta a kan wani aiki takamaimai ba ya wakilta wani sai da izinin mai abu, in ban da hali biyu: aikin ya zama irin wanda bai dace da matsayinsa ya yi da hannunsa ba, ko ya yi masa yawan da mutum ɗaya ba zai iya ba, sai ya nemi mataimaki. A babin alƙalanci ma an tsananta fiye da haka. Alƙali ba ya naɗa na'ibi don ya huta, sai in ƙasar da aka ba shi ta yi faɗi, wani yanki ya yi nisa, kuma na'ibin ya san ilmin abin da zai yi hukunci a kai. Dalilin ɗaya ne, an zaɓi mutum ne don amanarsa da fahimtarsa, ba a zaɓi wanda shi zai ga dama ya zaɓa ba.

Ɗan Mafara: Allah ya gafarta Malam, na ji, amma ina da ja. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, tun kafa ta a 1988, ba shugabanta ke tsayawa a Kwatarkwashi ba. Jami'an sintiri ne ke tsayawa. Su ke rubuta takardar laifi, su ke sa maki. A jadawalin dokar hukumar ta 2007, waya a hannu ana tuƙi maki 4 ne da tarar naira 4,000, rashin ɗaura bel maki 2 da naira 2,000, wuce ƙa'idar gudu maki 3 da naira 3,000, tuƙin ganganci maki 10 da naira 50,000. Idan ƙaramin jami'i yana iya sa maka maki 10, kuma makin ne ke taruwa ya kai ga dakatarwa, ai a aikace shi ne ya dakatar da kai. Mene ne bambancin?

Maman Ilham: Bambancin yana da girma, Malam Ɗan Mafara. Jami'in sintiri ba aron iko ya yi daga shugabansa ba. Sashe na 10 na dokar 2007 da kansa ya ba jami'an rundunar ikon kama wanda ake zargi da laifin hanya da gurfanar da shi. Majalisa ce ta ba shi kai tsaye, don haka maganar wakilci ba ta taso ba.

Sannan takardar da yake rubutawa zargi ce, ba hukunci ba. Wannan shi ne abin da ya ceci tsarin a shari'ar Ediru da hukumar, wadda ke cikin rahotannin shari'a na 2016. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ga cewa direba yana da zaɓi: ya biya tarar da doka ta riga ta yanke adadinta, ko ya ƙi, a kai shi kotu. Jami'in bai ƙirƙiri adadi ba, bai rufe ƙofar kotu ba. A ɗaya ɓangaren, a 2018 kotun ta yanke a shari'ar hukumar NOSDRA mai kula da malalar man fetur da kamfanin Mobil cewa hukumar ba ta da hurumin ta zama mai zargi kuma mai cin tara, wannan aikin kotu ne. Lauyoyi har yau suna gardama kan yadda za a daidaita hukuncin biyu, amma wurin da suka haɗu shi ne, muddin abin ya koma yanke wa mutum hukunci ba tare da zaɓin zuwa kotu ba, an shiga gonar sashe na 6 na tsarin mulki, wanda ya ba kotuna ikon shari'a.

Kwamitin da Sakatare ya kwatanta ba zaɓi a cikinsa. An kama ka, an yanke, an zartar, duk kafin injin motarka ya huce.

Ɗan Mafara: Hajiya, to kenan babu wata hukuma da za ta iya dakatar da lasisi sai kotu? Idan haka ne an ɗaure wa masu kashe mutane gindi. Shari'a ɗaya tana iya shekara biyu, direban yana ta jigila tsakanin Gusau da Funtua.

Barista Na-Tsafe: A'a, ba a kai can ba. Karanta sashe na 36 na tsarin mulki, ƙaramin sashe na 2. Ya yarda doka ta ba wata hukumar gwamnati ikon yanke magana da ta shafi haƙƙin mutum wajen gudanar da wata doka, bisa sharaɗi biyu. Na ɗaya, dokar ta ba mutumin damar faɗin ta bakinsa kafin a yanke. Na biyu, kada dokar ta ce abin da hukumar ta yanke shi ne ƙarshe, ba mai taɓa shi. Saboda haka majalisa tana iya cewa hukumar lasisi ta dakatar da wanda likita ya tabbatar idonsa ya mutu, ko wanda ya samu lasisin da takardun bogi, ko wanda makinsa ya cika.

Inda ake tuntuɓe shi ne idan dalilin dakatarwar laifi ne da ba a tabbatar ba. Shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986 ita ce madubi. Ɗalibai sun yi tarzoma a 1983, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mataimakin shugaban jami'ar, wanda shi ma ɓarnar ta shafa, aka kori ɗalibai. Kotun Ƙoli ta rushe korar, ta ce zargin ƙone-ƙone da sata laifuka ne da kotu ce ke tabbatar da su, kuma wanda abin ya shafa ba ya zama alƙali. Ɗora wannan a kan titi. Tuƙin ganganci laifi ne a doka. In direba ya musanta, kwamiti ba zai ce mun same ka da laifi ba.

Maganar jinkiri kuma akwai maganinta a doka, kotun tafi-da-gidanka. Babban Jojin jiha ke kafa ta, majistare ya zauna a bakin hanya, a karanta wa mutum tuhuma, ya amsa ko ya musa, a yanke a ranar. Majistare yana da hurumin hana mutum tuƙi bayan ya same shi da laifi, gwargwadon abin da dokar laifin ta tanada. Abin da kwamitin ke so a yi cikin minti goma, ga hanyar da za a yi shi cikin awa ɗaya kuma ya zauna daram.

Tsohon Rajistara: Bari in shigo ta ɓangaren takarda, domin yawancin waɗannan shari'u a kan takarda suke mutuwa, ba a kan falsafa ba.

A ɗauka dokar ta ba hukuma iko, kuma ta ce hukumar tana iya wakilta wani jami'inta. Lauyan direba zai nemi takardar wakilcin, ga abin da zai bi da yatsa. Wane sashe aka dogara da shi, an ambace shi? Wa ya yi wakilcin? In doka ta ce hukumar gudanarwa, sai an ga bayanin zaman da aka yi, da ranar, da cewa adadin mambobin da doka ta shar'anta sun halarta. Wasiƙar shugaba shi kaɗai ba ta isa, domin shugaba ba shi ne hukuma ba. Wa aka wakilta? Ana ambaton muƙami ne, kamar kwamandan jiha ko daraktan sashe kaza, kuma wanda ya sa hannu a takardar dakatarwa dole ya zama yana riƙe da wannan muƙami a ranar. Iyakar ikon fa? In an ce har wata uku, ya ba da wata shida, ya wuce gona da iri. In an ce laifin gudu, ya dakatar don lodi, haka nan. Sai kwanan wata, dole wakilcin ya riga hukuncin. In dokar ta ce a buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ba a buga ba, kamar ba a yi ba.

Kurakuran da aka fi gani guda huɗu ne. Wakilcin baki, wato oga ya ce a waya ku ci gaba. Takardun da babban jami'i ya riga ya sa wa hannu babu suna, aka raba wa yara su cike a hanya, wanda ke nuna mai sa hannun bai taɓa ganin maganar ba. Sa hannu a madadin wane, alhali wanen bai san an yi ba. Da kuma gyaran baya, a ga an shigar da ƙara sai a kira zama a amince da abin da ya riga ya faru.

Wannan na ƙarshe an gama da shi tun 1953 a Ingila, a shari'ar Barnard. Doka ta ba hukumar ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Landan ikon dakatar da ma'aikaci, ita kuma ta bar wa manajan tasha. Manaja ya dakatar da wasu, daga baya hukumar ta ce ta amince. Kotu ta ce ikon ladabtarwa ba a miƙa shi, kuma abin da ba ka da ikon wakiltawa tun farko ba ka da ikon halatta shi daga baya. Kotunanmu suna kafa hujja da irin waɗannan shari'u.

Ɗan Mafara: Ranka ya daɗe, ai a Ingilar ma akwai shari'ar Carltona ta 1943, wadda ta ce ma'aikacin ma'aikata yana iya yanke abu da sunan minista ba tare da an rubuta masa wakilci ba. Me ya sa ba za ta yi aiki a nan ba?

Tsohon Rajistara: Ka kawo ta daidai, amma duba iyakarta. Carltona ta tsaya a kan cewa minista da ma'aikatansa jiki ɗaya ne. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ma'aikacin yana ƙarƙashinsa, shi kuma ministan ne zai amsa tambaya a majalisa in an yi kuskure. Za ta iya rufa wa darakta asiri a cikin ma'aikatar kwamishina. Ba za ta rufa wa ɗan ƙungiyar direbobi ba, ko ɗan sa-kai, ko kamfanin da aka ɗauka kwangila, don ba ma'aikatan ma'aikatar ba ne. Haka kuma ba ta aiki in dokar ta nuna tana son wani mutum takamaimai ya duba da kansa.

Wadda ta fi kama da maganarmu ita ce ta Allingham a 1948. An ba wani kwamiti ikon umartar manoma abin da za su shuka lokacin ƙarancin abinci. Kwamitin ya ce manomi ya shuka eka 8 na wani amfani da ake sukari da shi, amma ya bar wa jami'insa zaɓen wace gona. Kotu ta ce umarnin bai inganta ba. Kwamitin yana iya jin shawarar jami'in, amma shi zai yanke. To ka ga layin: jami'i ya tattara hujja, ya rubuta rahoto, ya ba da shawara, ya kai takarda, duk halal. Cewa an dakatar, wannan kalma ɗaya, ta mai iko ce.

Sakataren Tasha: To mu 'yan ƙungiya mi muke iya yi? Don mu ne muka san wanda ke shan ƙwaya kafin ya tashi.

Maman Ilham: Kuna da abin yi, Sakatare, sai dai ba a kan lasisi ba. Ƙungiya tana iya cire mutum daga layi, ta hana shi lodi a tasharta, ta dakatar da shi daga zama ɗan ƙungiya, in tsarin mulkinta ya tanadi haka kuma an ji ta bakinsa. Wannan tsakaninku ne. Kuna iya rubuta rahoto ga hukuma, ku zama shaidu a kotu. Amma lasisi izini ne tsakanin mutum da gwamnati. Ranar da shugaban reshe ya karɓe katin wani ya kulle a durowa, ya riƙe kayan mutum ba bisa doka ba.

Ƙaramar hukuma ma haka. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba ta lasisin kekuna, da kwale-kwale, da baro, da amalanke, ya kuma fitar da abin hawa mai inji daga ciki ƙarara. Tana da hurumi a kan tashoshin mota, amma ba ta da ta cewa a kan lasisin tuƙi. Kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ba zai ba kwamiti abin da shi kansa ba shi da shi ba.

Akwai kuma wata matsala ta dabam in aka sa wanda ke cin riba cikin masu yankewa. A Amurka a 1927, a shari'ar Tumey, an rushe hukuncin wani magajin gari da ke zama alƙali, saboda ba ya samun kuɗin zama sai in ya sami mutum da laifi. Duk tsarin da kamfani ko kwamiti ke samun kaso daga kuɗin da za a biya kafin a mayar da lasisi yana da wannan ciwon. Ɗan ƙungiya da ke hukunta direban wata ƙungiyar da suke takarar fasinja ma haka.

Malam Na-Kaura: Ina da tambaya ga Barista. Idan gwamna ne da kansa ya ba da umarni saboda tsaro fa? Mun ga a 2021 an taƙaita zirga-zirgar babura, an rufe kasuwanni a jihar nan ta Zamfara. Shi ma sai ya nemi izini?

Barista Na-Tsafe: Allah ya gafarta Malam, ikon gwamna a sashe na 5 na tsarin mulki na zartar da doka ne. Yana iya umartar jami'ansa su tsananta aiki da dokar da ke akwai. Abin da ba ya iyawa shi ne ƙirƙiro laifi da hukuncinsa da bakinsa. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 12, ya ce ba a kama mutum da laifi sai an fayyace laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi amfani da wannan a shari'ar Okafor da gwamnatin Legas, wata mata da aka ci tara don ta fito ranar tsabtace muhalli, kotu ta ce umarnin gwamna ba doka ba ne. Saboda haka kowane umarnin tsaro, ana duba shi ne da dokar da ya jingina da ita. In ana son dakatar da lasisi ya shiga cikin hukuncin, sai majalisar dokoki ta rubuta shi, ko ta ba da ikon yin ƙa'ida a kansa da iyakoki bayyanannu.

Ita majalisar ma akwai abin da ba ta miƙawa. A 1981 Kotun Ƙoli ta rushe dokar rabon arzikin ƙasa a ƙarar da jihar Bendel ta shigar, saboda kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu ne ya daidaita ƙudirin aka kai wa shugaba Shagari ya sa hannu, ba a mayar wa zaurukan biyu ba. In majalisar tarayya ba ta iya bar wa kwamitinta aikinta, balle wata hukuma.

Wani abu kuma da ake mantawa, in mai ikon ya yanke ne don an kira shi daga sama an ce dakatar da wane, hukuncin ya lalace ko da sa hannunsa ne a kai. Doka tunaninsa ta nema, ba alƙalaminsa kawai ba.

Ɗan Mafara: Na sauko daga kan kwamiti, amma ban sauko daga kan maki ba. A Amurka, shari'ar Bell da Burson ta 1971 ta ce ba a karɓe lasisin da aka riga aka bayar sai an bi hanyar adalci, gaskiya ne. Amma a 1977, a shari'ar Dixon da Love, kotun ta yarda jihar Ilinoi ta janye lasisin direban da laifukansa suka taru ba tare da zaman sauraro tukuna ba. A Ingila ma sabon direba da ya tara maki 6 cikin shekara biyu na farko, ofishin lasisi ne ke soke lasisinsa, ba alƙali ba. Kenan kwamfuta ma tana iya yi.

Maman Ilham: Tana iyawa, don a nan babu abin da ya rage a auna. A shari'ar Dixon kowane laifi an riga an tabbatar da shi a kotu, abin da ya saura lissafi ne. A Ingila kuma majalisa ce ta rubuta maki 6 da shekara biyu a dokar 1995, ma'aikacin ofis ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Ka lura kuma, ga sauran direbobi da suka tara maki 12 cikin shekara uku, kotu ake kai su, ita ke hana su tuƙi aƙalla wata shida, don a nan akwai uzurin da za a saurara.

To ƙa'idar ita ce, gwargwadon yadda aiki yake buƙatar auna hujja, gwargwadon wahalar miƙa shi. A namu tsarin, maki zai zama tubali mai ƙwari ne in ya fito daga tarar da mutum ya biya da yardarsa ko hukuncin kotu. Makin da ke kan takardar da direba ya musanta, ba a kai shi kotu ba, bai kamata ya shiga lissafi ba.

Indiya ta raba aikin yadda zai yi mana amfani. A dokarsu ta 1988 da gyaran 2019, ɗan sanda yana karɓe lasisi a wasu manyan laifuka, ya ba da rasit, ya aika wa hukumar lasisi. Ita ce ke kiran direba ta saurare shi, ta yanke. Mai kamawa dabam, mai yankewa dabam.

Tsohon Rajistara: A kan karɓe kati a nan gida ma a yi hattara, kotuna sun fara tsuke shi. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce jami'an VIO, wato masu duba lafiyar ababen hawa, na birnin tarayya ba su da dokar da ta ba su ikon kama mota ko cin tara. Wannan hukunci a kan dokokin Abuja aka yi shi, ba ya rushe ZAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirga ta jiha, ko VIO na Zamfara kai tsaye, kowace hukuma da dokar da ta kafa ta ake auna ta. Amma tambayar da kotun ta yi ita za a yi a Gusau: nuna mini sashen.

Akwai kuma rikicin hanya. Abu na 63 a jerin ikon tarayya na tsarin mulki shi ne zirga-zirga a manyan hanyoyin tarayya. Hanyar Funtua zuwa Gusau zuwa Sakkwato ta tarayya ce, lungunan Tudun Wada da Sabon Gari ba nata ba ne. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Asaba ta tsaya a kan cewa aikin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a hanyoyin tarayya yake. Don haka takardar wakilci tana iya inganta, amma wurin da aka yi kamun ya ɓata ta.

Sannan a aikace karɓe kati ba ya dakatar da kowa. Lasisi aikin hannu uku ne, VIO ke gwaji, hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ke karɓar kuɗi ta bayar, hukumar kiyaye haɗurra ke ɗaukar hoto da zanen yatsa ta buga, kuma rumbun bayanan yana hannunta. In ba a shigar da dakatarwar a rumbun ba, mutum zai yi rantsuwa a kotu cewa katinsa ya ɓata, ya kawo rahoton 'yan sanda, a ba shi wani katin. Rantsuwar ƙarya laifi ce, amma wa zai gano? Umarnin kotu da aka aika wa hukumar a rubuce shi ne ke toshe wannan ƙofa, ko da lasisin daga Katsina ko Kebbi aka yi shi.

Sakataren Tasha: Madalla. Saura abu guda. Direban da aka riga aka ba takarda cewa an dakatar da shi, kuma yana ganin wanda ya sa hannu ba shi da iko, mi zai fara yi?

Barista Na-Tsafe: Kada ya yi gardama a titi, kuma kada ya ce tunda takardar ba ta inganta ba bari in ci gaba da lodi. Kotu ce ke cewa ba ta inganta ba. In ya yi haɗari a tsakani, kamfanin inshora zai fake da ita, mai gabatar da ƙara ma haka.

Ya karɓi rasit na duk abin da aka riƙe, ya adana kwafin takardar, ya rubuta rana da wuri da sunan da ke ƙirjin jami'in ko lambarsa. Cikin makon ya rubuta wa shugaban hukumar, a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa, yana neman abu uku: sashen dokar da aka dogara da shi, takardar da ta wakilta mai sa hannun, da dalilan hukuncin. In hukumar tarayya ce, ya ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa. Shirunsu ma hujja ce a gaba.

Lokaci shi ne ke kashe yawancin masu gaskiya. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, neman kotu ta duba hukuncin hukuma shi ma wata uku ne a ƙa'idojin Babbar Kotun Tarayya. Dokokin hukumomi da dama kuma suna son a ba su sanarwar wata ɗaya kafin ƙara, kuma wannan watan a cikin ukun yake, ba ƙari ba ne. Wanda ya tsaya bin manya a roƙa masa har wata biyu da rabi ya riga ya makara.

Hukumar tarayya, Babbar Kotun Tarayya da ke Gusau, bisa sashe na 251 na tsarin mulki. Hukumar jiha, Babbar Kotun Jiha. In majistare ne ya yanke, wannan ɗaukaka ƙara ce zuwa Babbar Kotun Jiha, kuma wa'adinta ya fi gajarta, a nemi lauya a ranar. Daga can sai Kotun Ɗaukaka Ƙara a Sakkwato.

Maman Ilham: Ƙari ɗaya, Barista, don kada direbobi su ɗauka an wanke su. In kotu ta rushe dakatarwa saboda wanda ya sa hannu ba shi da iko, ba ta ce direban bai yi laifi ba. Hukumar tana iya komawa ta bi hanyar da ta dace, ta aika masa sanarwa, ta saurare shi, mai ikon ya yanke, ko ta gurfanar da shi gaban majistare a kan laifin nan dai. Lauyansa ya faɗa masa wannan tun kafin ya karɓi kuɗin shigar da ƙara.

Ɗan Mafara: Sakatare, in za ku kai shawara, ku nemi a riƙa zaman kotun tafi-da-gidanka ranar kasuwa a hanyar Tsafe, don lodi ya fi yawa. Ku kuma roƙi a sa magatakarda ya aika da kowane umarnin hana tuƙi ga ofishin lasisi a ranar, da lambar lasisin a jiki, ba suna kawai ba, don masu suna iri ɗaya a tasha ɗaya sun fi a ƙirga.